Fitilun Da Ba Sa Jin Tsawa

Tun ba a gama sauke kaya daga mota ba, Injiniya ya riga ya tsara yadda sabon gidan zai sa shi yin suna.

Kada sunan ya ruɗe ku. Mutumin nan bai taɓa leƙa ajin koyon aikin wuta ba ko ta taga. Shekara tara ya yi yana tuƙa wani injiniya na gaske, yana riƙe masa jaka, yana kasa kunne in yana waya. Da ubangidan nasa ya yi ritaya ya bar masa tsohuwar hular kwano da sukundireba guda, shi kuwa ya haɗa har da sunan ya yi gaba. Yanzu motar ma'aikatan wani kamfani yake ja, amma ka kuskura ka kira shi direba, kun ɓata ke nan har shekara ta zagayo.

Dillali ya miƙa masa makullai, ya ɗora masa wata farar ambulan a kai.

"Malama ta ce lallai a karanta wannan kafin rana ta faɗi. Fitilun gidan irin na zamani ne, ba su da makunni a bango."

Malama ita ce mai gidan ta da, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda ta sayar ta koma wajen 'yarta.

Injiniya ya ƙyalƙyale da dariya. "Malamar firamare ce za ta koya mini wuta? Ni? Da hannun nan na riƙe zanen wayarin bene mai hawa goma sha biyu!"

"Riƙewa kam ka riƙe," in ji matarsa, Maman Biyu, tana jan keken ɗinkinta zuwa ɗan ɗakin da ke jikin falo.

Tela ce, kuma keken nan shi ne rabin tukunyar gidan, balle ga tagwayensu suna makarantar kwana. Ɗakin da ta zaɓa ba shi da taga, sai ƙofa, amma nan ne kaɗai soket ɗin da zai ɗauki keken. Da aka ajiye teburin keken sai ya riƙa ɗingishi. Injiniya ya ninke ambulan ɗin Malama gida huɗu, ya cusa ƙarƙashin guntuwar ƙafar, ya bubbuga teburin.

"Kin ga amfanin takardar Malama. Saurara ki ji, Maman Biyu. Yau Talata. Yau zan mallake fitilun nan, gobe in gano sirrinsu, ran Asabar in tara mutanen layin nan in nuna musu. Kafin wata ya mutu babu gidan da ba zai kira ni ba."

A kan kantar falo akwai wani ɗan abu baƙi mai kama da murfin kwano, da wayarsa a jikin bango. Ya ɗauka, ya shinshina, ya ce abin ƙamshin ɗaki ne turarensa ya ƙare, ya mayar.

Rana ta yi ƙasa, ɗakuna suka fara duhu. Injiniya ya sa hular kwano, ya tsaya tsakiyar falo ya riƙe ƙugu. Shi dai a duniya umarni ya iya, ko ruwa zai sha cewa yake "Kawo!"

"Wuta, kunnu!"

Shiru.

"Fitila! Da ke nake!"

Ya tafa hannu. Ya yi fito. Ya maimaita da Turancin da ya tsinta a bakin ubangidansa, ƙwan fitilar ko gezau. Sai ya jawo tsani ya haye, ya fara ƙwanƙwasa gindin ƙwan da sukundireba. Tsanin ya shiga rawa.

"Baban Biyu, don Allah ka sauko kada ka karye!"

Fau! Gidan duka ya haske, tun daga falo har banɗaki.

Injiniya ya dubi sukundireba, ya dubi matarsa, ya sauko a hankali kamar wanda ake ɗauka hoto. "Ƙwanƙwasa uku. Kin gani ko? Ba ƙarfi ba ne, sani ne."

Ana cikin haka aka yi sallama. Maƙwabciyarsu ce ta hannun dama, ma'aikaciyar asibiti, kowa a layin Nas yake ce mata. Ta shigo da filas ɗin shayi na barka da zuwa, da wani shuɗin yadi a leda.

"Na ga keke ana saukewa, na ce Allah ya kawo mini sauƙi. Ran Asabar da ƙarfe bakwai za a ba ni lambar yabo a wajen aiki, telana kuma ya yi tafiya. Doguwar riga nake so. In ta yi kyau, wallahi mu ashirin da ɗaya ne a sashenmu, duk nan za mu dawo."

Maman Biyu ta ji kamar ta yi tsalle. Duk masu kawo mata ɗinki ta baro su a tsohuwar unguwa, kwana uku ke nan abin yana cin ta a rai. Ta yi awo, ta karɓi yadi da filas da hannu biyu.

"Mun gode ƙwarai, 'yar'uwa."

Ɗif! Duhu.

"Af!" in ji Nas. "An ɗauke?"

"Ba a ɗauke ba," muryar Injiniya ta fito daga cikin duhun. "Ni na tsara ta haka. Tanadi."

Da tocilar waya aka raka Nas ƙofa, da ita aka ci abinci.

Washegari Maman Biyu ta tafi sayen zare da zif, Injiniya ya dawo daga kai ma'aikata ya haye tsani. Ya ƙwanƙwasa uku, shiru. Ya ƙwanƙwasa talatin. Ya yi tunanin wataƙila jiya ya yi tari kafin nan, ya ƙara da tari. Ya sauko cikin fushi ya buga ƙafar hagu a ƙasa, daidai lokacin da matarsa ta turo ƙofa da kaya niƙi-niƙi.

"Don Allah karɓi ledar nan, hannuna zai tsinke."

Fau!

Bai karɓi ledar ba. Biro ya nema ya rubuta a tafin hannunsa: ƙwanƙwasa uku, tari ɗaya, ƙafar hagu.

Da wannan ilimi ya tsallaka shagon maƙwabcinsu na hagu, Mai Aski, wani siririn mutum da bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

"Injiniya, barka da zuwa layinmu. Jiya na ga gidanku yana ƙifta ido, na ce ko gaisuwa yake yi."

"Gwaji nake. Ku nan ba ku san komai ba sai danna makunni kamar mutanen da."

"Haka ne. Mu kam in mun danna sai ta kama, abin ba daɗi. Malama dai da take nan magana kawai take yi a hankali."

"Ai shi ya sa suka lalace. Ta shagwaɓa su. Na'ura ba ta son wasa, sai ka nuna mata waye babba."

"Ina da lambarta fa, in kana so."

"Ka ajiye wa mai bukata."

Ranar Alhamis abin ya canza salo. Maman Biyu ta yanka yadi tsaf, ta zauna za ta fara haɗawa, sai wani ƙyalle ya tokare mata gwiwar hannu.

"Baban Biyu, don Allah ɗauke mini jan ƙyallen nan."

Kafin ya ce uffan, gidan duka ya koma ja jawur. Bango ja, labule ja, fuskar Maman Biyu ja, shuɗin yadin Nas kuwa ya koma baƙi ƙirin.

"Na shiga uku! Me ka taɓa?"

Bai taɓa komai ba, kunnensa yake sosawa da sukundireba. Amma Injiniya ba ya barin abu ya faru ba da saninsa ba.

"Mataki na biyu ke nan. Irin wadda ake sa wa a manyan asibitoci ce, tana gyara ido."

"Mayar mini da fara."

"Za ta koma. Sai ta huce."

Ba ta huce ba. Ya yi ƙwanƙwasa, ya yi tari har maƙogwaronsa ya yi zafi, ya buga hagu, ya buga dama, ja dai ja. Sai ya ce matsalar daga tushe take. Ya fita bayan gida inda mitoci biyu ke jere a bango, ya buɗe akwatin da ya fi kusa da hannunsa, ya zare fis ya sa a aljihu, ya tsaya yana ƙirga sittin.

Bai kai ashirin ba ya ji ihu daga shagon aski. Sai ga Mai Aski da mataccen injin aski a hannu, bayansa wani mutum da tawul a wuya, rabin kansa tal kamar ƙwai, rabin kuwa daji.

"Injiniya, me ke aljihunka?"

"Kayan aiki."

"Kayan aikina dai! Bawan Allahn nan ganawar neman aiki gare shi ƙarfe biyu!"

"Mitocin ne aka jera su ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya yi aikin nan bai yi karatu ba."

"Shi bai yi karatu ba, amma shekara goma ba a taɓa barin kan mutum rabi ba sai da mai karatu ya tare."

Mai rabin kai kuwa kallon Injiniya kawai yake, irin kallon da ya sa aka mayar da fis ba a ƙara musu ba.

Da magariba ta kawo jiki, jan hasken ya fara fita ta tagogi. Ga shi Maman Biyu ta bar albasa ta ƙone a kicin saboda hankalinta na kan yadi, hayaƙi yana bin labule. Wata mata da ke wucewa ta ɗora hannu a ka.

"Gobara! Gobara a gidan baƙi!"

Mai Aski, duk da abin da aka yi masa da rana, shi ya fara isowa da bokiti. Ya banko ƙofa, ya ga wani abu dogo yana motsi a cikin ja da hayaƙi, ya sheƙa masa ruwan gaba ɗaya. Injiniya ne a kan tsani. Ruwan kuwa na wankin tawul ne, har da kumfa da guntayen gashi.

"Wa ya aike ka?"

"Ai na ɗauka kana ci da wuta ne."

"Haske ne! Haske na zamani!"

"To Allah ya ba ka haƙuri. Ko ba komai ka huce, saura fitilar."

Mutanen layi suka watse suna riƙe da ciki. Wani ma daga baya ya aiko tambaya ko ana wanke hoto a gidan.

Maman Biyu ba ta yi dariya ba. Ranar Juma'a ta wayi gari ana tsuga ruwan sama, rigar Nas ba a ko fara haɗa ta ba, ɗaki ja, waje duhu.

"Baban Biyu, ka karɓo lambar Malamar nan wajen Mai Aski. Kira ɗaya ne."

"Ni in kira mace ta koya mini aikina? Gobe war haka za ki ga abin mamaki."

"Abin mamaki ai tun Talata nake gani. Ni yanzu ko zare ba na iya bambancewa. Bari in fita da kwandon bakin ƙofa in duba."

"Zauna! Zaren ne sai an fita da shi cikin ruwa? Ni da na yi shekara tara ina bambance jar waya da baƙa?"

Ya tsoma hannu a kwando, ya ɗaga zare biyu zuwa ga fitila, duk baƙaƙe a idonsa. Ya zaɓi na dama saboda ya fi masa kama da mai hankali.

"Ga shuɗinki."

"Ka tabbata?"

"Kin taɓa ganin na yi kuskure?"

Ta buɗe baki, ta duba agogo, ta rufe. Ta zura zaren, keke ya kama ruri. Wuni guda ta yi a kansa, har da ado na ganye-ganye da ta zuba a wuya da bakin hannu, don Nas ta san ta haɗu da tela.

Asabar da ƙarfe huɗu falon Injiniya ya cika. Ya bi gida-gida ya gayyato mutane, kuma ba wanda ya ƙi, don tun ranar gobara kowa ke jiran kashi na biyu. Ya toshe tagogi da barguna don haske ya fito sosai. A bakin ƙofa ya jingina wani kwali da ya rubuta wa: INJINIYAN FITILUN ZAMANI, A TUNTUƁE SHI A CIKI. Ya goge hular kwano har tana ƙyalli. Fitilun a kashe suke tun da safe, lokacin da Maman Biyu ta sallami mai kawo burodi da godiya, sai ɗan hasken ƙofa kawai.

"Jama'a, ku natsu. Abin da za ku gani yanzu, ko a manyan birane sai wane da wane."

Ya haye tsani. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya yi tari. Ya sauko ya buga ƙafar hagu, ya ware hannuwa.

Duhu.

"Wataƙila tarin bai nuna ba," in ji Mai Aski daga baya. "Ƙara masa gishiri."

Ya sake. Ya sake kuma. Zufa ta fara bin bayan kunnensa. Can wata dattijuwa da aka matse a kan kujera ta ce wa na kusa da ita, "Ɗana, don Allah matsa kaɗan."

Fau! Ja.

"Kun gani!" Injiniya ya daka tsalle. "Takan ɗan yi jinkiri in da baƙi!"

Aka yi tafi. Maman Biyu ta fara zagayawa da shayi. Na farko ya karɓa ya ce, "Na gode."

Ɗif!

"Wannan kuma ni na kashe, don ku ga..."

"Don Allah wa ya taka ni?"

Fau!

"...don ku ga yadda take dawowa!"

"Ga sukari." "Na gode."

Ɗif!

Tirƙashi. Mutanen layin nan masu ladabi ne, ga shayi yana yawo, ga matsatsi. Fitila ta shiga kamawa da mutuwa kamar ana yi mata cakulkuli. Injiniya yana tsakiya yana bin ta da gudu: in ta kama ya buga ƙafa a makare, in ta mutu ya yi tari. Wata ta ce don Allah a miƙo mata koriyar jakarta, gida ya koma kore shar, kowa ya zama kamar mai ciwon ciki.

"Injiniya, wannan mataki na nawa ne?" in ji Mai Aski.

"Na huɗu!"

"Kai kake tuƙa ta ko ita ke tuƙa ka?"

"Kada ka kawo mini maganar tuƙi a nan!"

Ya ja da baya don ya ƙara hawa tsani, ya taka igiyar bargo, bargon ya zubo masa a ka, hular kwano ta gangara ƙarƙashin kujera. Yana kokawa da bargo ne Nas ta shigo da sauri, ta zo karɓar rigarta. Maman Biyu ta fito da ita a kan hannu biyu, tana murmushin gajiya. Wani dogo ya tsaya a gabansu yana leƙen Injiniya.

"Malam mai farar hula, don Allah, fara zama mu ga rigar mana," in ji Nas.

Fau! Fari tas, karo na farko tun Alhamis.

Idanu duka suka koma kan rigar.

Rigar ta yi kyau, wannan ba musu. Shuɗiya ce kamar sararin sama bayan ruwa. Amma tun daga kafaɗa har ƙasa, kowane layin ɗinki kore ne shar, ganyen wuya kore, na hannu kore.

Nas ta dafe ƙirji. "Maman Biyu, ƙarfe bakwai fa. A gaban shugabanninmu."

Maman Biyu ba ta dubi Nas ba. Mijinta ta duba, wanda ya fito da kai daga cikin bargo. Idonta ya ciko, kuma wallahi duk wanda ke falon sai da ya ji tausayinta, har da Mai Aski.

"Ka ce mini shuɗi ne."

"A lokacin... a ƙarƙashin wancan hasken, a kimiyyance..."

"Mutum ashirin da ɗaya, Baban Biyu. Ka san abin da rigar nan take a wajena."

Injiniya ya sunkuyar da kai yana zare bargon daga kafaɗarsa.

"Salamu alaikum. Wa ya rataya bargo a tagata?"

Wata 'yar guntuwar tsohuwa ce a bakin ƙofa, da tabarau a kan hanci da lema a hannu. Rabin mutanen falon suka miƙe tsaye ba su sani ba, don yawancinsu ta taɓa riƙe musu kunne. Malama ce. Mai Aski ya sosa ƙeya ya ce shi ya kira ta tun ranar da aka bar shi da mai rabin kai.

Ta dubi kwalin ƙofa, ta dubi tsani, ta dubi Injiniya.

"Kai ne sabon mai gidan? Ina takardar da na bari?"

"Tana... tana aiki, Malama."

"Ƙarƙashin kekena take," in ji Maman Biyu.

Aka ɗaga tebur aka zaro ta. Malama ta miƙa masa.

"Karanta. Da ƙarfi, na baya su ji."

Injiniya ya warware takardar. "Zuwa ga wanda ya sayi gidana. Ɗan baƙin abin da ke kan kanta shi ne kunnen gidan..."

"Abin ƙamshi," in ji Maman Biyu a hankali.

"...Jikokina sun taso da ba mutane umarni, shi ya sa na sa aka saita shi yadda ba ya jin tsawa. In kana son haske, ka ce..." Ya tsaya.

"Ci gaba."

"Rubutun ya goge a nan."

"Bai goge ba, da biro mai kyau na rubuta. To bari in taimake ka. In an roƙa ta kama, in an haɗa da launi ta canza, in an yi godiya ta kwanta. Na gode."

Ɗif!

"Bismillah, Injiniya. Kunna mana."

Injiniya ya yi gyaran murya.

"Wuta, ki... a taimaka a kama."

Shiru.

"In ba damuwa."

Shiru.

"Ɗan shekara huɗu ya koye ta a wuni ɗaya," in ji Malama. "Kalma biyu ce."

Aka ji kamar ana jan tsohuwar ƙofa mai tsatsa. "Don... Allah."

Fau!

Falon ya fashe. Dattijuwar nan ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Mai Aski ya zauna a ƙasa daɓas yana share hawaye. "Ashe duk kwanakin nan Maman Biyu ce injiniyar, kai tari kawai kake!"

Malama ta fito da wayarta. "Saura in cire gidan daga wayata in mayar wa masu shi. A wace waya zan sa?"

Injiniya ya fara laluben aljihu. Hannu wajen ashirin suka nuna Maman Biyu. Ya mayar da hannunsa inda ya fito.

"Ƙarfe biyar saura kwata," in ji Malama, bayan ta gama danne-danne. "Ke tela, in an farke miki, za ki iya mayarwa kafin shida da rabi?"

Maman Biyu ta share ido da bakin mayafi. "In an farke, zan iya."

"To masu kallo a tafi gida. Kai mai almakashi, kama hannun riga na dama. Kai kuma Injiniya, zauna nan."

A ƙasa ya zauna, ya miƙe ƙafa, aka ɗora masa gefen rigar a cinya aka ba shi reza. Mutumin da ya riƙe zanen bene mai hawa goma sha biyu ya duƙufa yana tsintar koren zare ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje. Sau biyu yana yankar yatsa, sai dai ya tsotse don kada jini ya taɓa yadin. Da Maman Biyu ta ce a miƙo shuɗin zare, ya ɗauka ya kai wa Nas ta duba, ya kai wa Malama ta duba, sannan ya kawo.

Keke ya yi ruri kamar zai tashi sama. Shida da minti ashirin Nas ta fito daga ɗaki a cikin rigar, ta juya hagu, ta juya dama. Ganyen wuya ne kawai aka bari kore, don Malama ta ce ganye dai kore aka san shi, kuma sai ya zama kamar da gangan aka yi. Nas ta rungume Maman Biyu.

"'Yar'uwa, Litinin ki shirya tef ɗin awonki. Kai, na go..."

"Kul!" suka haɗa baki su huɗu.

Sai da ta fita tsakiyar titi ta juyo ta ƙwala godiyarta daga can.

Malama ta ɗauki lemarta, Mai Aski ya ɗauki kwalin ƙofa ya ce zai yi masa amfani wajen tara gashi. Gida ya rage daga Injiniya sai matarsa. Tana zaune a bakin keke tana matsa wuyanta, shi yana tsaye da guntayen koren zare manne a wandonsa. Ya dube ta, ya dubi kwandon zare, ya tuna sau nawa fitilar nan ta kama tun Talata, da bakin wanda ta kama. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta da alaƙa da 'yan kallo.

"Maman Biyu."

"Na'am."

Ya matso kusa da ita. "Na gode."

Ɗif!

"Kash! Na manta. Tsaya in kunna. Don..."

"Bar ta," in ji Maman Biyu daga cikin duhun, tana tsakanin dariya da kuka. "Shekara ashirin da biyu nake jiran kalmar nan. Ta riga ta mutu, ba abin da za ka ƙara kashewa. Maimaita."